Ranar da Sai-Ni Ya Cire wa Gidan Burodi Illa

Ba uwarsa ce ta raɗa masa Sai-Ni ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ko firinta ce ta cije takarda a ofis, kafin kowa ya motsa ya ture kujera ya miƙe yana naɗe hannun riga: "Ku matsa, wannan sai ni." In fanka ta tsaya, sai shi. In makulli ya maƙale, sai shi. Tun abokan aiki suna faɗa a bayan idonsa har suka koma kiransa da sunan a gabansa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don a zatonsa kirari ne.

Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta, a wani ɗan kamfani da ke saman bene, bisa shagon tela da na mai kemis. Kuma tsakani da Allah ba za a ce bai iya komai ba. Ya iya daidai gwargwado. Matsalar dai bakinsa ya riga hannunsa gama makaranta.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a maƙoshi, shi ne surukinsa. Dattijo ne mai gidan burodi a can ƙasan layi, mutum mai tsare gida da ƙarancin magana, wanda tun da ya ba shi 'yarsa bai taɓa kiransa Injiniya ba. In zai aika a kira shi sai ya ce, "Ku kira min yaron nan mai danne-danne." Abin takaicin kuma, mijin ƙanwar matarsa, wanda gyaran janareta kawai yake yi, shi ne dattijon ke kira Injiniya baki cike, har da jan wasalin ƙarshe. Duk lokacin da Sai-Ni ya ji haka sai abinci ya fita ransa. Ba ya son gidan burodin, ba ya son gadon kowa. So yake sau ɗaya tak, a gaban jama'a, surukin nan ya buɗe baki ya ce masa Injiniya.

Wata rana da hantsi yana kallon wata lacca a wayarsa, sai ya ji mai laccar yana ta nanata wata kalmar Turanci, yana cewa ita ce uwar matsaloli a rubutun manhaja. Sai-Ni ya tsayar da bidiyon. Ai ya san kalmar nan! Ita ce ake bugawa a takardar da ke cikin kwalin magani, a saman wurin da ake jera jiri da amai da gudawa da ƙaiƙayin jiki. Bai ƙarasa laccar ba, don a ganinsa ya riga ya wuce inda malamin ya dosa. Ya daki tebur.

"Na gano ciwon da ke damun manhajojin duniya kaf," in ji shi. "Illa!"

Doguwa, abokiyar aikinsa da teburinta ke fuskantar nasa, ta ɗago kai a hankali. Ta daɗe da sanin cewa duk ranar da ya daki tebur, wani zai kwana da ciwon kai.

"Illar me kuma, Malam Sai-Ni?"

"Illa dai da kika sani. Yadda magani ke da illa, haka kod, wato rubutun manhaja, yake da illa. Ni kuma zan cire ta. Zan rubuta manhajar farko a tarihi da ba ta da illa ko ƙwaya ɗaya."

Doguwa ta leƙa wayar, ta ga inda ya tsaya, ta yi dariya. "Kalmar ce ɗaya, amma ba abin da suke nufi ke nan ba. Ka ga kowane yanki na kod kamar ɗan aike yake. Ka aike shi ya tambayo maka abu, ya dawo da amsa. To in a hanya ya rufe maka ƙofa, ko ya kunna fitila, ko ya kaɗa ƙararrawa, wannan abin da ya taɓa ban da kawo amsa shi suke kira da sunan nan. Ba cuta ba ce. Wani lokacin ma don shi aka aike shi."

"Ɗan aiken da ke taɓe-taɓe a hanya ai ɓarawo ne."

"In kai ka ce ya rufe ƙofar fa?"

"Doguwa, ke kin tsaya a aikace. Ni ina magana ne a ilmance."

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta koma kan aikinta.

Makamin da Sai-Ni ya samo kuwa yana cikin kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa yaren da inji ke ji. A ofishinsu, Tafinta suke ce mata. Shi Tafinta yana da wata ɗabi'a: ba ya musu da mai rantsuwa. Akwai wata 'yar alama da ake sa wa a saman yankin kod, ma'anarta, "Na rantse ɗan aiken nan amsa kawai yake kawowa, ba ya taɓa komai." Da Tafinta ya ga alamar sai ya yi lissafin mai son sauƙi. In ba a buƙatar amsar, to me zai sa a wahalar da ɗan aike? Sai ya soke aiken gaba ɗaya. In kuma an taɓa yi masa tambayar, to amsar farko ta isa, ba sai an sake komawa ba. Masu hankali sukan sa alamar inda ta dace, aiki ya ƙara sauri. Sai-Ni kuwa ya ɗauka allurar rigakafi ce.

Da rana ta yi, Oga da sauran ma'aikata suka fita cin abinci. Sai-Ni ya ce shi ba mai yunwa ba ne, mai bincike ne. Ya ja fulas ɗin shayi gabansa, ya buɗe kod ɗin da ke kula da ƙofar ofis, wadda ake buɗewa da kati. Ya bi 'yan aike ɗaya bayan ɗaya yana manna musu alama, yana kurɓar shayi. Tafinta ya fara fito da gargaɗi, layi bayan layi, yana cewa anya kuwa. Sai-Ni ya ja tsaki ya kashe gargaɗin, ya ce surutu ma illa ne. Wuri ɗaya kawai ya ƙyale, wato mai rubuta gaisuwa a ɗan allon bakin ƙofa, domin shi ya tsara gaisuwar da kansa kuma yana ji da ita.

Manhajar ta fito 'yar firit, ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Sai-Ni ya ɗora ta, ya shanye ragowar shayin don murna.

Oga ne ya fara dawowa. Ya kara katinsa, allo ya ce, "Sannu da zuwa, shigo." Ya tura ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake karawa, allo ya sake yi masa sannu da zuwa cikin ladabi. Kafin a jima ma'aikata sun cika barandar, kowa an yi masa sannu, ba wanda ya shiga.

"Sai-Ni!" Oga ya buga ƙofa. "Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, Oga. Hasali ma hana taɓawa na yi. Ka lura da saurin gaisuwar kuwa? Kafin ka ɗauke kati ta fito."

"Ɗan aike mai zare sakata ka soke," Doguwa ta ɗaga murya ta ramin makulli. "Ba ya kawo amsa, zare sakata ne kawai aikinsa. Ka rantse ba ya taɓa komai, Tafinta ya sallame shi. Cire alamar!"

"Laifin sakatar ne. Ta saba da illa, sai ta ɗan ɗauki lokaci kafin ta saba da lafiya."

"To ita gaisuwar da ka bari fa? Ai a lissafinka ita ma illa ce."

"Gaisuwa tarbiyya ce."

Da ya ga dama a take zai gyara, kwamfutoci duk suna gabansa. Amma gyarawa amsa laifi ne, shi kuma Sai-Ni bai taɓa amsa laifi ba ko a makarantar firamare. Yana cikin bayani ta bayan ƙofa sai shayin nan ya fara neman hanyar fita, bayan gida kuma yana can ƙarshen baranda, ga ƙofa ko daga ciki ba ta buɗuwa. Bayanin ya fara gajarta. Ya koma yana taka rawa a tsaye. Can dai mutanen waje suka ji shiru, sai ƙarar taga, sai kuma wani rugugi a kan rumfar kwanon tela.

Tela ya fito da almakashi a hannu ya tarar da mutum yana lilo a bakin rumfarsa, ƙusa ta riƙe wando ta baya.

"Lafiya, Sai-Ni? Matakala ta ƙare ne?"

"Gwajin hanyar gaggawa nake yi."

"Ta yi gaggawa kuwa," in ji mai kemis daga ƙofar shagonsa. "In ka sauko ka biyo, akwai man zafi."

Wandon ne ya yanke hukunci, ya yage tun daga ƙugu har gwiwa. Sai-Ni ya dira ƙasa, ya zarce bayan shago a guje yana riƙe da abin da ya rage. Sai da ya dawo, fuska ta sake, sannan kowa ya fahimci sabon halin da ake ciki: dā akwai mutum ɗaya a ciki da zai iya gyara ƙofar, yanzu babu kowa. Kafinta aka kira ya ɓalle ta daga jikin bango.

"Daga yau," in ji Oga, yana nuna shi da ɗan yatsa, "kod ɗin ofishin nan, ko da ido ban yarda ka taɓa shi ba."

Sai-Ni ya sunkuyar da kai kamar mai nadama. A zuciyarsa kuwa kalma biyu yake juyawa: ofishin nan. Gidan burodin surukinsa ai ba ofishin nan ba ne. Kamfaninsu ne ya yi wa dattijon manhajar da ke kula da tanda da injin kwaɓi, Doguwa ce ta rubuta, kwafinta kuma yana cikin laftof ɗinsa.

Da yamma matarsa na zaune tana juya wandon tana neman ta inda za ta fara ɗinki, ya zayyana mata shirinsa. Har kwalin maganin tari ya ɗauko ya zaro takardar ciki don ya kafa hujja.

"Karanta nan. Jiri, bushewar baki, yawan barci. To irin wannan ne cike a injin Baba."

"Yawan barcin nan da kake kira illa," in ji ta, ba ta ko ɗago ba, "ranar da ka sha maganin nan ne kaɗai na ji labarai a rediyo daga farko har ƙarshe."

"Ke ba a maganar ilimi da ke."

"Maigida, ka yi wa Allah ka bar Baba. Hawan jini gare shi. In Injiniya kake so a ce maka, ni sai in riƙa ce maka safe da yamma."

"Naki ba ya shiga lissafi. Daga bakinsa nake so."

Ta ɗaga wandon ta leƙo shi ta cikin yagar. "To ka sa tsohon wando ranar."

Washegari ya sami surukin a bakin gidan burodi yana duba buhunan fulawa. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya sassauta murya kamar likitan da zai faɗi mugun sakamako.

"Baba, na duba manhajar injinka. Ban so in tayar maka da hankali ba, amma cike take da illa."

Dattijo ya saki bakin buhu. Mutum ne da ke shan ƙwayoyi safe da yamma, kuma wata ƙwaya ta taɓa kumbura masa ƙafa, don haka kalmar nan ba baƙuwarsa ba ce.

"Illa? A injin da nake yi wa jama'a burodi?"

"Ko'ina, Baba. A famfo akwai, a tanda akwai. Ƙararrawar nan da ke firgita ka, ita ma illa ce."

"Na ko daɗe ina cewa ƙarar nan ba ta lafiya ba ce." Dattijo ya shafa gemu. "Kuma kai za ka iya cirewa?"

"Baba, wannan ai sai ni."

"To. In ka cire, na san danne-dannen nan karatu ne."

Sai-Ni ya tashi ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya yi wa kod ɗin gidan burodi abin da ya yi wa ƙofa, har da ƙari, ya bar mai rubutu a allo kawai, ya kuma ƙara masa layi ɗaya a ƙasa. Sannan ya bi layi yana gayyata. Ya gayyaci tela, ya gayyaci mai kemis, ya gayyaci mai aski da duk wanda ya tarar a kan bencinsa. Injiniyan janareta kuwa har gida ya bi shi, ya ce lallai ya zo ya ƙaru.

Ga yadda aikin gidan yake tun asali. Dattijo ba ya yarda inji ya fara masa aiki. Shi ke kunna tanda da hannunsa, shi ke murɗa famfon da ke zuba ruwa a babban kwanon kwaɓi, shi ke tada injin. Abin da ya bar wa manhaja shi ne tsayarwa: ta rufe ruwa in ya isa, ta tsayar da kwaɓi in ya yi, ta riƙa duba zafin tanda tana rage wuta, ta kaɗa ƙararrawa in burodi ya gasu. Wato farawa ta mutum ce, dainawa ta inji. Sai-Ni bai taɓa zama ya yi tunanin wannan ba.

Da safe jama'a suka cika ɗakin gashi, wasu a tsaye wasu a kan buhuna. Sai-Ni ya sha sabon wando, ya ɗora laftof a kan teburin yanka ƙullu, ya yi jawabin da ya taɓo tarihin kimiyya tun daga ƙirƙirar taya. Masu kwaɓi suka zura farantan ƙullun da ya riga ya tashi cikin tanda, suka juye fulawa da yis a kwano don zagaye na biyu. Dattijo ya yi bisimilla ya kunna tanda, ya murɗa famfo, ya tada inji.

Allon bango ya haska: "Tanda: da sauran sanyi. Komai lafiya." A ƙasa kuma da manyan baƙaƙe: "Aikin Injiniya Sai-Ni."

"Kun ga sauri?" in ji shi. "Dā sai ta yi ta tunani."

Aka yi tafi kaɗan. Dattijo ya karanta layin ƙasa, ya yi gyaran murya, ya kau da kai.

Babban mai kwaɓi ne ya fara leƙa kwano. "Ruwan nan fa ya wuce inda yake tsayawa."

"Ya wuce inda illa ke tsayar da shi," in ji Sai-Ni. "Ƙara fulawa."

Aka ƙara buhu. Ruwa ya ci gaba da zuba, ƙullu ya sake yin ruwa. Aka ƙara wani buhun, aka bi shi da yis don kada lissafi ya ɓaci. Mai kwaɓi ya kai hannu zai rufe famfo, Sai-Ni ya yi tsalle ya tare.

"Kada wanda ya taɓa! Hannun mutum shi ne babbar illa. Ku bar manhaja ta yi aikinta."

"Wane aikin take yi yanzu?" in ji tela.

"Aikin cikin gida. Ba a gani da ido."

Ɗaki ya fara ɗaukar zafi. Mai aski ya cire hula yana fifita. Dattijo ya goge goshi ya dubi tanda, wadda ƙofarta ta fara wani ƙas-ƙas da bai taɓa ji ba.

"Yaro, tandar nan ba ta yi zafi da yawa ba?"

Sai-Ni ya nuna allo. Allo na nan kan bakansa: da sauran sanyi. Tun da sassafe Tafinta ya aiki mai duba zafi sau ɗaya, ya dawo ya ce da sanyi, an kuma rantse masa cewa amsar ba ta canzawa, to a kan me zai sake aikensa?

"Baba, jikinka ne. Ka sha maganinka yau kuwa?"

"Ni ma jikina ne?" in ji mai kemis, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Don ni ba na shan komai, sayarwa nake yi."

"Taron jama'a ne ya kawo zafi. Kimiyya ta tabbatar."

Shi kuwa ƙullu, ya sami ruwa, ya sami yis, ya sami ɗumi irin wanda bai taɓa samu ba, sai ya fara nuna godiya. Ya taso ya cika kwano, ya leƙo baki, ya haɗiye kan famfon da ake gardama a kai. Injin kwaɓi bai daina juyawa ba, sai ya shiga ɗebo shi yana rabawa jama'a. Dunƙulen farko ya sami mai aski a kunne. Na biyu ya rufe wa tela ido ɗaya. Injiniyan janareta ya ce bari ya duba wayoyin baya, ya taka santsi, ya zauna daɓas cikin ƙullu har ƙugu, kuma ko a wannan hali sai da Sai-Ni ya ji wani ɗan sanyi a ransa.

"Burodin ciki fa?" wani ya tambaya. "Ina jin ƙauri."

"Ba a kaɗa ƙararrawa ba," in ji masu kwaɓi baki ɗaya. Shekara da shekaru ba su taɓa buɗe tanda ba sai ta kaɗa.

"Ba za ta kaɗa ba," in ji Sai-Ni da alfahari. "Na cire ta."

"To wa zai gaya mana ya gasu?"

Hayaƙi ne ya gaya musu. Ya fito ta gefen ƙofar tanda baƙi ƙirin, ya bi rufi, ya fita ta taga. Jama'a suka yi waje suna tari, ƙullu ya biyo su a baya a hankali, ya tsallake dokin ƙofa ya gangara kan titi. Mutanen layi suka fito da bokitai suna salati. Wata mata ta leƙo daga bene tana tambaya ko gobara ce ko ambaliya, mai kemis ya ce mata duka biyun ne, an haɗa don sauri.

Sai-Ni na tsakiyar ɗaki yana danne-danne a laftof da hannu ɗaya, ɗayan yana kare ta daga ruwan ƙullu. "Minti ɗaya! Sabawa take yi!" Bai rufe baki ba wani dunƙule mai girman kan jariri ya sauka a kan madannan ya shafe su.

Dattijo bai yi ihu ba. Ya tattare rigarsa, ya kutsa cikin ƙullu yana ɗaga ƙafa kamar mai ƙetare fadama, ya isa bango ya ja babban makunnin wutar gidan. Inji ya yi wani nishi ya tsaya. Ya lalubo famfo cikin ƙullu ya rufe. Allon bango, da yake yana da batirinsa, shi kaɗai ya rage yana haske cikin hayaƙi, yana shaida wa duniya cewa komai lafiya.

Ana cikin fito da farantan gawayi sai ga Doguwa, matar Sai-Ni ce ta kira ta tun da ta hango hayaƙi. Ta gaida dattijo, ta duba ɗan akwatin da manhajar ke zaune a ciki a jikin tanda, ta tarar ya narke ya lanƙwashe. Ta ce sai an yi odar wani, kuma ba yau ba, ba gobe ba.

"'Yata," in ji dattijo, a gaban duk mutanen layi, "ki gaya min da Hausar da zan gane. Mece ce illar nan da ya cire?"

"Baba, rufe famfo ne. Da rage wuta, da tsayar da inji, da kaɗa ƙararrawa."

"Wato aikin."

"Shi ne, Baba."

"Me ya bari?"

Doguwa ta nuna allo.

"Ya cire masa hannu ya bar masa baki," in ji dattijo.

"Ɗa ya yi kama da ubansa," in ji tela yana ɓanɓare ƙullu daga gira, layi ya kwashe da dariya.

Sai-Ni ya so ƙasa ta tsage. Ya buɗe baki zai ce wani abu game da kimiyya, a karo na farko a rayuwarsa bai sami komai a ciki ba. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda ke sa mutum jin sanyi a cikin zafi, ga matarsa tsaye a bakin ƙofa tana kallon mahaifinta cikin ƙullu har gwiwa. Ya durƙusa a inda yake.

"Baba, a yi haƙuri."

Dattijo ya dube shi. Sannan ya aika aka ɗauko masa tsohuwar ƙararrawar hannu daga sito, irin ta makaranta, da ma'aunin zafi, da wata 'yar kujera. Ya ajiye kujerar tsakanin famfo da tanda, daidai inda zafi ya fi taruwa.

"Gobe mutane za su zo neman burodi, ba ruwansu da kimiyya. Injina ba shi da hannu, kai kana da biyu. Zan roƙi Oganku aron ka har akwatin ya iso." Ya miƙa masa ƙararrawar. Sannan ya juya ga jama'a, ya ɗaga murya yadda har na kan bene za su ji. "Ku shaida, daga gobe ga mai kula da injina. Tashi, Injiniya."

Sai-Ni ya ɗago kai da sauri. Ya duba bayansa ko mai janareta ake nufi, ya ga wancan yana can ana wanke shi da tiyo. Shi dai ake nufi.

Tun daga ranar duk wanda ya bi ta ƙasan layi da safe zai ji muryar dattijo tana fita ta taga, baki cike, har da jan wasalin ƙarshe. "Injiniyaa, famfo!" "Injiniyaa, rage wuta!" "Injiniyaa, barci kake? Ƙararrawa!" Yaran layi suka ɗauka, masu sayen burodi suka ɗauka, har tela in ya hango shi sai ya kaɗa almakashi a iska ya ce ƙililin-ƙililin.

Ranar farko ya dawo gida da yamma, gira a babbake, hannu ya ƙi ɗaguwa, fulawa har cikin kunne. Ya zube a kan tabarma. Matarsa ta kawo masa ruwa, ta zauna gefensa, tausayi ya hana ta tsokanar da ta shirya tun rana.

Ya shanye ruwan, ya yi ajiyar zuciya, ya dube ta da jajayen idanu.

"Kin dai ji da kunnenki," in ji shi. "Shi mai janareta sai wuta ta ɗauke ake kiransa. Ni kuwa Baba ko numfashi ba ya yi bai ambace ni ba."